Python ko MATLAB don bayanan iskar metan?

Ƙanwata, tunda da bayanan tauraron ɗan'adam za ki yi furojet ɗin, ki ɗauki yaren shirya manhaja na Python kawai ki huta, kar ki ɓata lokaci kina auna shi da MATLAB.

Ni da Python na yi nawa aikin a nan Jos, da wata tsohuwar laftop wadda batirinta ba ya riƙe caji ko kaɗan. Fayilolin metan na TROPOMI nake saukewa, wato na'urar da ke kan tauraron Sentinel-5P da hukumar sararin samaniyar Turai ta harba a 2017, kuma duk a tsarin NetCDF suke zuwa. Abin da ya haɗa jinina da xarray, wato kayan aikin Python na buɗe irin waɗannan fayiloli, shi ne ba ya jibga wa kwamfuta fayil gaba ɗaya, sai abin da kika nema yake ɗaukowa, don haka laftop ɗin nan da ko Chrome ke sa ta nishi sai ga ta tana yanko min Najeriya lafiya lau. In an ɗauke wuta kuma ba komai, aikina yana Google Colab, shafin da ake rubuta Python a intanet, in je wajen abokina a Farin Gada in buɗe a tasa kwamfutar in ɗora daga inda na tsaya. Daren da taswirar farko ta fito, ana tsakiyar sanyin hunturu, wallahi ban san sanda na tashi tsaye da bargo a jikina ba.

Amma ki riƙe wannan. In kin buɗe fayil ɗin TROPOMI za ki ga kamar wayam ne, kar hankalinki ya tashi, bayanan suna can ciki a rukunin da ake kira PRODUCT, sai kin ambaci sunansa wajen buɗewa sannan su bayyana. Sai qa_value, wato makin ingancin kowane awo, duk wanda ya gaza 0.5 ki watsar da shi, in ba haka ba sufabaiza zai dawo miki da aikin. Kuma da damina za ki ga ramuka a taswira musamman ta kudu, hadari ne ke tare na'urar, ba ke kika ɓata ba. Kowane ɗigo ɗaya na taswirar ma faɗinsa wajen kilomita 7 da 5.5 ne, kar ki sa ran ganin juji ɗaya na unguwarku a ciki. In iskar CO2 kike so kuma tauraron OCO-2 na NASA ne, tun 2014 yake sama, shi ma xarray ɗin zai buɗe miki.

MATLAB yana aiki, umarninsa na ncread na buɗe fayilolin nan, amma lasisi da dala ne kuma Mapping Toolbox, kayan zana taswirarsa, daban ake biya, nawa yana nan a ajiye ban ƙara waiwayarsa ba.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa. Akwai masu shagon gyaran kwamfuta da za su ce za su zuba miki MATLAB ko manhajar taswira ta ArcGIS "cikakke" a dubu biyu ko uku, na sata ne, wani da bairos yake zuwa, wani kuma ya mace ana saura kwana kaɗan a kare furojet. Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu sayar wa ɗalibai bayanan da kansu a filas, alhali kyauta suke! Na Sentinel-5P rajista kawai za ki yi a shafin Copernicus, na OCO-2 a Earthdata na NASA, na NOAA, hukumar yanayi da teku ta Amurka, ma ko rajistar ba a nema. Shi ma Panoply na NASA kyauta ne, ki zuba shi don leƙa cikin fayil kafin ki fara rubuta komai.

Ki fara da awon CO2 na dutsen Mauna Loa da ke Hawaii wanda ake yi tun 1958, ɗan ƙaramin fayil ne, ki ja shi da pandas, kayan aikin Python na karanta tebur, ki zana layin da hannunki ki ga yadda ya haura 420 ppm, wato kashi 420 cikin miliyan na iska, sannan ki shiga NetCDF.