Wasiƙa daga Liyon ta Faransa: mabuɗin da ba ya aiki sai an taɓa shi

Yaya Alhaji, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da su Inna, ga amsar tambayarka a kan ɗan abin nan da ka hango cikin mabuɗaina ranar da muka yi magana ta bidiyo, wanda ka zaci na ajiyar hotuna ne, har ka ce in duba ko zai karɓu idan aka kawo shi shagonka na Babbar Kasuwa.

Sunansa YubiKey, kuma kamfanin Yubico, wanda aka kafa a Suwidin a shekarar 2007, shi ke ƙera shi. A wurin aikinmu kowane ma'aikaci an ba shi guda, kuma ko da mutum ya san kalmar sirrinsa, kwamfuta ba za ta buɗe masa asusun aiki ba sai ya soka mabuɗin a ramin USB ya taɓa shi. Ba shi da batir, domin daga kwamfutar yake shan wuta. A tsakiyarsa akwai wani ɗan faifai mai ruwan zinari wanda bai kai faɗin dala ba, da ƴar koriyar fitila mai ƙyaftawa idan ana jiran yatsanka.

Wannan faifan shi ne ya fi ɗaure mini kai da farko, domin ba ya lotsawa kamar madannin salula, kuma irin nawa ba ya karanta zanen yatsa, ko da yake kamfanin yana da wani nau'i dabam mai yin hakan. Ga yadda abin yake. Faifan yana iya riƙe ƴar wutar lantarki kaɗan, sai na'urar da ke ciki ta riƙa cika shi tana juyewa ba tsayawa, tana lura da yadda yake cika. Jikin ɗan Adam kuwa yawancinsa ruwa ne mai gishiri, wuta tana bi ta cikinsa, saboda haka da zarar fata ta sauka a kan faifan sai mazubin wutar ya ƙara girma. Ka ɗauka kullum yarinya tana cika tulu a famfo, ka san lokacin da take ɗauka. Ran da ta daɗe fiye da yadda aka saba, ko ba ka duba ba ka san randa aka tara mata. Da wannan bambancin na'urar take gane cewa mutum ya taɓa ta. Taɓawa ta ɗan lokaci aiki ɗaya take sa shi, riƙewa ta kamar sakan 3 kuma wani aikin dabam.

Hikimar ita ce ɓarawon da ya shigo kwamfutarka ta intanet daga wata ƙasa zai iya sarrafa duk abin da ke kan allo, amma ba shi da hannun da zai miƙo ya taɓa faifan.

Idan an taɓa shi, mabuɗin yakan yi kamar shi ne madannan rubutu, ya zuba haruffa 44 a jere cikin ƙiftawar ido, su ne lambar shiga asusun. Na farko 12 ba sa canzawa, su ne sunan mabuɗin, sauran 32 kuma a ɓoye suke, kuma cikinsu akwai ƙidaya mai ƙaruwa a kowace taɓawa, ta yadda lambar da aka yi amfani da ita sau ɗaya ta mutu ke nan. Akwai wani abu da na san zai burge ka, kai da ka sha faɗa da madannan Faransanci da na Ingilishi a kwamfutocin da ake shigowa da su ta Jibiya: haruffa 16 kawai mabuɗin yake amfani da su, kuma babu a, m, q, w ko z a cikinsu, saboda su ne ke sauya wuri tsakanin madannan biyu.

Saurin jin taɓawar nan ya taɓa ba ni kunya. Wata rana ina rubuta wa shugabar sashenmu saƙo, na miƙa hannu zan ɗauki shayi, gefen tafina ya shafi faifan, sai ga dogon layin haruffa mai farawa da cccccc ya tafi gare ta, domin mabuɗin da kansa yake danna aikawa bayan ya gama rubutu. Ba ta yi faɗa ba, sai dai ta ce in yi maza in shiga asusuna da sabuwar lamba, saboda wadda ta zube tana nan da ranta har sai an yi amfani da wata da ta zo bayanta. Da hunturu kuma akasin haka nake gani: da safar hannu ba ya ji ko kaɗan, kuma idan fata ta bushe ta yi kaushi sai na hura wa yatsan iska mai ɗumi kafin ya amsa. Ina jin lokacin buji a Maradi haka za a yi fama da shi, musamman masu aikin ƙarfi.

Idan na kwatanta da abin da muka saba a gida, wato lambar da ake turowa ta saƙon salula, bambancin a fili yake. Lambar salula tana jiran rezo, wani lokaci ta iso bayan wa'adinta ya wuce. Mafi muni kuma, mutum yana iya karanta ta da bakinsa, kuma ka san dattawa nawa aka kira aka ce musu sun ci kyauta, su faɗi lambar da ta shigo, aka kwashe musu kuɗi. Amma kada in zuzuta kayan Turai fiye da kima, domin haruffan nan 44 su ma ana iya sace su idan mutum ya zuba su a shafin jabu. Kariya ta gaske tana cikin ɗaya tsarin da mabuɗin yake ɗauke da shi, mai suna FIDO, inda yake duba adireshin shafin da kansa, ya ƙi amsawa idan ba na ainihi ba ne. A shekarar 2018 kamfanin Google ya bayyana cewa tun da ya wajabta irin waɗannan mabuɗai a kan ma'aikatansa fiye da 85,000 a farkon 2017, ba a samu an yaudari ko ɗaya daga cikinsu aka ƙwace asusun aikinsa ba.

Game da batun kasuwa kuwa, shawarata ita ce kada ka zuba jari a kansa. Guda ɗaya irin nawa a nan yana haura Yuro 50, wato sama da jika 32, kuɗin da zai sayi ƙaramar salula har a samu canji, kuma dole mutum ya mallaki biyu, domin idan guda ya ɓata babu na ajiya, shiga asusu ya zama wahala babba. Sannan mabuɗin ba ya amfani sai inda aka tsara karɓarsa, alhali yawancin cinikin mutanenmu ta danna lambobi a salula yake gudana, inda babu ramin da za a soka shi. Kai dai da kake hulɗa da masu aiko maka kaya ta Gmail da Facebook, waɗanda duka suna karɓarsa, zai yi maka amfani. Zan aiko maka da biyu ta hannun wanda zai zo gida bayan Sallah, ɗaya ka haɗa da mabuɗan shago, ɗayan kuma ka ba Hajiya ta adana a akwati. Idan sun iso ka kira ni da dare mu saita su tare. A gaishe mini da Inna da yara.