Gargaɗi Kan Masu Shimfiɗa Leda da Laminet da Ke Cewa "Warin Sabunta Ne, Zai Fita"

Jama'a, yau wata huɗu ke nan rabona da kwana a ɗakina. Ni da maiɗakina da yaronmu ɗan shekara uku mun tattare a ƙaramin ɗaki guda, wanda shi kaɗai ne ba a taɓa daɓensa ba. Falo da ɗakin kwana kuwa suna nan tagogi a buɗe dare da rana, siminti tsirara, muna jiran ya bushe. Ba zan ambaci sunan wanda ya yi mana aikin ba, domin ko na ambata ba zai amfane ku ba, ya riga ya sake suna. Salon nasa nake so ku gane, don na tabbata ba shi kaɗai ke yin sa ba.

Gyaran gida muka yi. Magini ya fasa tsohon daɓe ya zuba sabo mai kaurin kusan santimita 5. Ana cikin haka na ga tallan mutumin nan a intanet, hotuna ga su nan tsaf, kamar ka ɗauke ka sa a aljihu. Na kira shi, washegari sai ga shi da jakar samfura. Ya miƙo mini gutsuren leda mai kauri, na lanƙwasa, na shinshina, babu wari ko kaɗan. Ya miƙo guntun laminet, wato katakon nan na masana'anta mai zanen itace a sama, ya juya bayansa ya nuna mini hatimin E1, wato alamar cewa kayan sun cika ƙa'idar Turai. Ya ce daga Turai ake kawo masa, kuma akwai garanti. Muka daidaita: leda a falo, laminet a ɗakin kwana. Na ba shi fiye da rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami.

Daga nan sai gaggawa ta tashi. Wai yaransa suna da wani babban aiki mako mai zuwa, in ba a shimfiɗa yanzu ba sai bayan wata biyu, kuma ba ya da tabbacin kalar da na zaɓa za ta kai lokacin. Na ce masa daɓen fa kwanansa tara kacal. Ya durƙusa ya shafa da tafin hannu, ya nuna mini hannun, ya ce, "Yallaɓai, duba da kanka, ya bushe ƙayau. Mu sana'armu ce." Gaskiya saman ya yi fari, ko ni ma da na taka ban ji sanyi ba.

Kayan sun iso da magariba. Kwalayen ba su da sunan kamfani, ba lambar kaya, ba komai sai zanen kala. Gam ɗin kuwa a jarka ya zo, irin wadda aka kankare takardar jikinta. Na gani da idona, na kuma yi shiru. Kunya ce ta hana ni magana, kada a ce ina zargin mutum a banza. Wannan kunyar ta fi komai tsada a duk aikin.

Makon farko akwai wari, amma na ɗauka haka sabon abu yake. A mako na uku ne na gane ba raguwa yake yi ba, sauyawa yake yi. A falo wani wari ne mai ɗan zaƙi-zaƙi mai hawa kai, wanda ke kama labule da kujeru har da tufafin jikinka. A ɗakin kwana kuwa ba warin ne ya fi damuna ba, yaji ne a ido da ƙaiƙayi a maƙogwaro. In muka rufe gida muka fita da rana, dawowarmu sai ka ga idon kowa ya yi ja kafin a gama buɗe tagogi. Yaron ya fara tari da dare. Da ya kwana biyu wurin kakarsa tarin ya lafa, da ya dawo ya dawo da shi.

Na kira mutumin. Amsarsa ta farko ita ce wadda na sa a kan wannan rubutu: "Warin sabunta ne, yallaɓai, ka ba shi mako biyu." Bayan mako biyu ya ce ko ɓera ne ya mutu a silin. Na hau na duba, babu. Ya ce to magudanar banɗaki ce. Na kawo mai gyaran famfo, lafiyarta ƙalau. Duk wannan jan ƙafa na da amfani a wurinsa, domin a tsakani ya karɓi cikon kuɗinsa, kuma garantin da ya yi ta ambata, da na koma na duba rasit, ba a rubuta shi ko'ina ba.

Sai kashi na biyu na damfarar, wanda ya fi ƙona mini rai. Ya kira ni da kansa, murya a sanyaye, ya ce abin ya dame shi, kuma yana da maganinsa: akwai na'urar kashe wari, a rufe gida a kunna ta yini guda, sai dai akwai kuɗin haya da na sinadarin feshi. Na biya. Wanda ya haƙa ramin shi ne ya sayar mini da tsani, tsanin ma ruɓaɓɓe. Kwana uku gidan yana wani ƙauri irin na wayar lantarki haɗe da turaren fesawa, a rana ta huɗu tsohon warin ya dawo daram. Daga baya na gano injin ozon ne ya kawo, wato na'ura mai fitar da wata iska da ake kira ozon. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi a kan irin waɗannan injuna: ozon yana illata huhu, kuma in ya haɗu da sinadaran da ke fitowa daga wasu kayan ɗaki, kamar sabon kafet, yakan haifar da wasu sabbin sinadarai masu cutarwa. Ko da ma bai cutar ba, me zai yi wa abin da ke ƙarƙashin leda?

Wani dattijo mai shimfiɗa daɓe ne ya warware mini zaren. Da ya shigo falo bai ce komai ba, ya ja numfashi sau ɗaya ya tambaye ni, "Ɗana, kwana nawa simintin ya yi kafin a rufe shi?" Na ce tara. Ya girgiza kai, ya ciro wuƙa ya ɗaga kusurwar ledar ta bayan ƙofa. Ba ta yi gardama ba, ta taso salin alin. Gam ɗin da ya kamata a ce ya ƙame tun tuni ya narke ya zama kamar majina, yana yauƙi tsakanin ledar da ƙasa. Simintin ya yi duhu jiƙe sharkaf, ga ɗigo-ɗigon baƙar funfuna sun bi gindin bango. Warin da ya bugo mu sai da na ja da baya. Ya yanko gutsure, na ɗauko samfurin da aka bar mini tun ranar farko, muka haɗa su baki da baki. Wadda aka shimfiɗa ba ta kai rabin kaurin samfurin ba.

Abin da Baba, wato dattijon nan, ya faɗa mini, na kuma je na karanta na tabbatar, shi ne siminti ba ya bushewa yadda ido ke gani. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce kusan milimita 1 a kowace rana, in iska na shiga sosai, kuma in daɓen ya yi kauri lissafin ma ya fi haka. Nawa mai santimita 5 yana buƙatar kusan wata biyu, aka ba shi kwana tara. Saman ne kawai ya sha iska, ruwan yana ciki. Leda kuwa roba ce, ba ta barin tururi ya wuce, don haka duk laimar ta taru a ƙarƙashinta. Ruwan sabon siminti ba ruwa ne kawai ba, yana da kaifi irin na soda, shi ya sa yake cin hannun leburori. Wannan kaifin ne ke narkar da gam, ya kuma farfasa sinadarin da ake sa wa leda don ta yi laushi, sai wani sinadari mai suna 2-etilhekzanol ya fito. Shi ne warin nan mai zaƙi-zaƙi. An daɗe da sanin matsalar a ƙasashe irin su Suwidin da Finlan, inda ake yawan shimfiɗa leda a kan kankare. Muddin ledar na kwance a kan danshi, masana'antar wari ce ke aiki a ƙarƙashin ƙafarka, ko tagogi nawa ka buɗe.

Na ɗakin kwana labarinsa daban ne. Cikin laminet garin katako ne da aka matse da gam, kuma gam ɗin da ya fi arha yana fitar da iskar fomaldihaid. Zafi da laima suna ƙara yawan fitarta, shi ya sa idanunmu suka fi yaji bayan an rufe ɗaki da rana, ga kuma jiƙaƙƙen daɓe yana hura mata wuta daga ƙasa. Ba abin wasa ba ce. A 2004 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa fomaldihaid a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam daji. A 2010 hukumar ta ba da shawarar kada ta wuce miligiram 0.1 a kowace mita kubik ta iskar ɗaki. Ba ina cewa duk mai laminet ya shiga uku ba, mai kyau yana nan kuma abin da yake fitarwa kaɗan ne. Amfanin hatimin E1 ke nan, alama ce cewa an gwada kayan ba su wuce iyakar da Turai ta sa ba. To, da muka ɓalle nawa muka juya, bayansa wayam. Hatimin a jikin samfuri kaɗai yake.

Ko da hatimin ya fito a kwali ma, kada ya rufe maka ido. A watan Maris na 2015 shirin 60 Minutes na gidan talabijin na CBS a Amurka ya gwada laminet da aka yi a Sin, wanda kamfanin Lumber Liquidators ke sayarwa. Kwalayen na ɗauke da shaidar cewa sun cika ƙa'idar jihar Kalifoniya kan fomaldihaid, amma mafi yawan waɗanda aka gwada ba su cika ba. Cikin watanni kaɗan kamfanin ya daina sayar da su. In hakan ta faru da babban kamfani mai shaguna da lauyoyi, ina ga mai jaka ɗaya da lambar waya?

Kada in zalunci masu sana'ar, warin sabunta gaskiya ne, akwai shi. Sabon kafet yana da nasa, daga robar bayansa yake fitowa. Sabuwar leda ma haka, gam ma haka. Amma halinsa guda ne: ya fi ƙarfi a kwanakin farko, kullum yana ja da baya, in ana buɗe tagogi cikin 'yan kwanaki ko 'yan makonni sai ka neme shi ka rasa. Wanda ya kai wata yana nan yadda yake, ko yake ƙaruwa, ko ya juye ya koma bashi irin na jiƙaƙƙen tsumma, ko yake sa ido hawaye, wannan ba sabunta ba ce. Ɗaga kusurwa ka duba. Da na yi haka a mako na uku, da cikon kuɗina na aljihuna, da kuma ban biya kuɗin injin ba.

Baba ya nuna mini gwajin da ko yaro zai iya. Ka yanko farar leda mai garai-garai, kamar santimita 45 kowane gefe, ka shimfiɗa a kan simintin, ka liƙe gefunan huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar ta aƙalla awa 16. In ka ga gumi a cikinta, ko wurin ya fi kewayensa duhu, daɓen bai shirya ba. In ba ka ga komai ba ma, ba shaida ce cikakkiya ba, mai aikin kirki yana da na'urar auna danshi kuma ba ya jin haushi in ka ce ya auna a gabanka. Mu da muka gwada a falo bayan an kwashe ledar da mako guda, da safe sai ga ruwa yana gangarowa a jikin farar ledar.

Sauran kuwa abubuwa ne da na sani tun da, na yi sakaci. Ka riƙe samfurin a hannunka, ranar da kaya suka iso ka buɗe kwali ɗaya ka haɗa su kafin a sauke sauran, kuma da rana, ba da magariba ba. Kwali ya zo da sunan kamfani da lambar kaya. Gam ya zo a gwangwaninsa na asali a rufe, ka karanta ko na leda ne. Garanti ya hau takarda da sa hannu. Ka rage wani kaso na kuɗin sai bayan wata guda da gama aiki. Duk wanda ya ce sai yau ko a fasa, ka ce masa a fasa. In kuma an riga an shimfiɗa, ga wari, ga yaro ko mai asma a gida, fitar da su daga ɗakin tukuna, ka ɗauki hotuna, ka adana gutsuren kayan da duk saƙonnin da kuka yi, sannan a yi maganar wanda zai biya.

Ni dai ban samu wanda zai biya ba. Ranar da na tura masa hoton ƙasan ledar da na samfuran biyu a jere, ya karanta, bai amsa ba, da yamma lambar ta daina shiga. Kujerun falo har yanzu suna waje ƙarƙashin rumfa, don soson ya sha warin. Tarin yaron ya tafi tun makon da muka kwashe laminet ɗin.

Shekaranjiya maiɗakina ta miƙo mini wayarta ba ta ce komai ba. Talla ce ta shimfiɗa leda da laminet, sabon suna, sabuwar lamba, an rubuta "daga Turai, da garanti". Na shiga jan hotunan ɗaya bayan ɗaya. Na uku falona ne, ranar da aka gama shi, yana ta ƙyalli, har da labulenmu a gefe.