Sharhi kan wata cibiyar hoton MRI a Kaduna da yadda take duba masu larurar Chiari

Cibiyar da nake magana a kanta mai zaman kanta ce a cikin garin Kaduna, tana da injin MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, kuma likitan tiyatar ƙwaƙwalwa yana zama a can a wasu ranaku na mako. Ƙanwata na kai, wadda ta haura shekara ashirin da biyar, bayan ta daɗe tana fama da ciwon ƙeya wanda aka yi ta yi masa maganin taifot da zazzaɓin cizon sauro ba tare da sauƙi ba. Cibiyar ta cancanci a je mata, kuma abin da ya fi ɗaukaka ta a idona shi ne tambayoyin da likitan ya yi kafin ya dubi hoton.

Bai tsaya ga tambayar inda ciwon yake ba, sai ya ce mata: "Malama, me kike yi a lokacin da yake taso miki?" Ta ce idan ta yi tari ko atishawa, ko ta yi dariya sosai, ko ta sunkuya ta ɗaga jarkar ruwa, sai ta ji kamar an sare ta a ƙeya, ya ɗan jima kaɗan ya lafa, kuma abin ya fi tsanani a lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke kawo mura. Hoton ya nuna larurar da ake kira Chiari, wadda ta samo sunanta daga Hans Chiari, likitan ƙasar Austiriya da ya bayyana ta a 1891. A nau'in farko, wanda shi ne nata, gurbin da ke bayan ƙoƙon kai yakan yi wa ƙaramar ƙwaƙwalwa, wato ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya, kaɗan, sai gindinta ya zarce cikin ramin da laka ke fita ta cikinsa, kuma likitoci sukan ɗauki zarcewar milimita 5 ko fiye a matsayin ma'auni.

Tambayar da ta dame mu ita ce, in da wannan siffa ta taso tun tana ƙarama, me ya sa sai yanzu ta fara damunta? A nan likitan ya ba mu lokacinsa, kuma bayaninsa shi ne abu mafi amfani da muka biya kuɗi a kansa. Ruwan da ke kewaya ƙwaƙwalwa da laka, wanda jiki ke samar da kusan rabin lita daga gare shi a kullum, yana kai da komo ta wannan rami a duk bugun zuciya. Idan ramin ya cunkushe, ruwan yakan wuce da ƙyar, mutum kuma ya shafe shekaru bai san da abin ba. Tari, atishawa da yunƙuri suna ɗaga matsin ruwan nan take, ya rasa mafita da sauri, shi ne ciwon da ke sarar ƙeya. Shi ya sa a nau'in farko alamu sukan fara bayyana a ƙarshen ƙuruciya ko bayan an girma, wasu kuma bayan buguwar kai ko fizgar wuya a haɗarin mota ko babur. Ƙanwata ta tuna cewa nata ya ƙaru ne bayan doguwar naƙuda, likitan ya ce yunƙurin haihuwa yana iya tono abin da yake kwance, ko da yake bai yarda ya ɗora komai a kansa shi kaɗai ba. Na ji daɗin wannan taka-tsantsan. Ya kuma bambanta mana nau'i na biyu, wanda ke tafiya tare da buɗewar ƙashin bayan jariri, kuma alamunsa sukan fito tun a goye.

Ya gargaɗe ta cewa kada ta yarda a zuƙi ruwa daga bayanta da allura ba tare da an gaya wa likitan da zai yi aikin tana da wannan larura ba, domin raguwar matsi daga ƙasa tana iya ƙara jawo ƙwaƙwalwar cikin ramin. Wannan magana kaɗai ta isa a yi tattaki dominta.

Ɗakin hoton yana da tsabta, kuma mace ce ta taimaka mata wajen cire 'yan kunne da duk wani ƙarfe, ta kuma toshe mata kunne saboda ƙarar injin. An yi mata bayani da Hausa kafin a shigar da ita, abin da ya rage mata fargaba ƙwarai.

Sai dai akwai inda cibiyar ta gaza, kuma ba zan ɓoye ba. Da farko kai kawai aka ɗauka, sai da likitan ya ji cewa yatsunta suna sagewa ya ce a ɗauki wuya da gadon baya, domin toshewar ruwan tana iya haifar da wani kogo mai ruwa a cikin laka, wanda yakan girma a hankali ya kawo raunin hannu, rashin jin zafi ko sanyi, da karkacewar baya ga yara. Hakan ya sa muka biya kuɗi karo na biyu, muka kuma sake bin layi, alhali da an yi wannan tambaya a teburin karɓar marasa lafiya da an haɗa aikin gaba ɗaya. Kuɗin hoton yana da nauyi ga mai ƙaramin ƙarfi. Rahoton da aka rubuta ya yi jinkiri, kuma cike yake da kalmomin likitanci, babu ko takarda guda da Hausa da mutum zai kai gida ya karanta wa iyalinsa. Da muka fito ƙanwata ta ce mini: "Yaya, da ba ka rubuta abin da ya faɗa ba, da yanzu rabinsa ya tafi."

Likitan bai gaggauta maganar tiyata ba. Ya ce mutane da yawa ana ganin wannan siffa a hotonsu ba su da wata damuwa, kuma ba a yi wa hoto aiki sai mai ciwo. Aikin da ake yi, wato cire ɗan guntun ƙashi a ƙeya don buɗa wa ruwan hanya, na waɗanda alamunsu ke ƙaruwa ne ko aka ga kogon a lakarsu, kuma ya ce in buƙatar ta taso zai tura ta babban asibitin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A yanzu ya ce ta guji ɗaukar kaya a ka, ta magance tari da taurin bayan gida da wuri, ta kuma dawo ba tare da jiran ranar da aka ba ta ba idan haɗiya ta fara yi mata wuya, ko tafiyarta ta fara tangaɗi, ko numfashinta yana ɗaukewa a cikin barci.