Manhajar hearWHO: Tana Gano Raunin Ji, Amma Ba Ita Ke Cewa A Sa Na'ura Ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da manhajar hearWHO a 2019, albarkacin Ranar Ji ta Duniya da ake yi kowace 3 ga Maris. Kyauta ce, akwai ta a Android da iPhone, kuma aiki ɗaya take yi: tana auna yadda mutum ke tsinto magana a cikin hayaniya. An yi dabara a nan, domin a hayaniya raunin ji yake fara tona kansa. Dattijo zai amsa sallama a zaure lafiya lau, amma a wajen ɗaurin aure sai ya riƙa cewa “na'am?” har masu magana su gaji su ƙyale shi.

Gwajin ba ya wuce 'yan mintuna. A samu ɗaki shiru, a kashe fanka da rediyo, a sa iyafis a kunnuwa biyu, a daidaita ƙarar yadda ake jin ta ba takura. Murya za ta faɗi lambobi uku-uku a ƙarƙashin wani shuuu, kai kuma ka danna abin da ka ji, har sau 23. In ka dace sai na gaba ya ƙara wuya, in ka kuskure ya sassauta. Da haka take lalubo iyakar jinka. A ƙarshe ta ba da maki: sama da 75 ji lafiya, tsakanin 50 da 75 a riƙa maimaita gwajin a kai a kai, ƙasa da 50 kuwa akwai alamar rauni, a nemi asibiti.

Babu Hausa a cikin harsunanta, kuma wannan naƙasu ne. Sauƙin abin shi ne lambobin guda-guda ne, irin waɗanda mai karanto lambar waya da Turanci ya riga ya saba da su. Wanda bai saba ba, musamman tsofaffi, makinsa zai faɗi ba don kunnensa ba. Haka iyafis mai kunne ɗaya a mace, ko janaretan maƙwabci yana ruri a bayan taga. Duk wanda ya samu maki kaɗan ya sake gwadawa wata rana da wani iyafis kafin hankalinsa ya tashi. Kuma manhajar ta manya ce. Jaririn da ba ya firgita da ƙara, ko yaron da ya kai shekara biyu bai fara haɗa kalmomi ba, asibiti za a kai shi kai tsaye.

Babban kuskuren da ya kamata a kauce masa shi ne a ga maki 40, a wuce kasuwa a sayo na'urar ƙara ji. Manhajar tana gwada kunnuwa biyu ne a tare, ba ta faɗin wanne ne ya raunana, ba ta faɗin dalili, ba ta kuma ba da adadin desibel ɗin da aka rasa, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Waɗannan ukun kuwa su ne ginshiƙin hukuncin. Sau da yawa dattin kunne ne ya taru ya toshe hanya, ana cire shi ji ya dawo. Wani ruwa ne ya kwanta a bayan fatar dodon kunne, wani fatar ce ta huje, kunnen yana zubar da mugunya. Irin wannan magani ko tiyata yake buƙata tukuna, kuma toshe kunne mai ruwa da na'ura ƙara rura ciwon yake yi. Akwai kuma wanda ba a jira da shi ko kaɗan: kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya cikin kwana ɗaya zuwa uku. A ga likita a ranar, domin maganinsa ya fi aiki a cikin mako biyun farko.

Raunin da na'ura ke taimakawa sosai shi ne na can cikin kunne, inda ƙananan ƙwayoyin da ke karɓar sauti suka mutu, kuma ba sa sake tsirowa. Tsufa na kawo shi. Shekaru a gaban injin niƙa ko injin markaɗe na kawo shi, tunda ƙarar da ta kai desibel 85 na awa takwas a kullum ta isa ta yi ɓarna. Sanƙarau da ƙyanda da hangum da zazzaɓin Lassa suna barin sa a baya, haka allurai irin su gentamicin da streptomycin in ba a kula da adadinsu ba. Wanda ya tashi daga sanƙarau ya cancanci cikakken gwaji, ba na waya ba.

Cikakken gwajin nan ana yin sa a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na manyan asibitoci, irin Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Za a haska kunnen, a auna motsin fatar dodon kunne, sannan a saka ka ɗakin da ba ya shigar da ƙara, a gwada kowane kunne shi kaɗai. Ana ɗaukar matsakaicin sakamakon sauti huɗu, daga mai kauri zuwa siriri: 500, 1000, 2000 da 4000 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti). A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ƙasa da desibel 20 lafiya ne, 20 zuwa 34 rauni kaɗan, 35 zuwa 49 matsakaici, 50 zuwa 64 ya fara tsanani, 65 zuwa 79 mai tsanani, 80 zuwa sama kuwa ya yi nisa ƙwarai. In kunnen da ya fi lafiya ya haura 35, lokacin na'ura ya yi. Mai rauni kaɗan kuma rayuwarsa za a duba. Malamin aji, mai jiran shago, alƙali, ko wanda ya daina fahimtar huɗubar Juma'a daga tsakiyar sahu, desibel 30 ma ya isa ya sa a gwada masa. Jinkiri ba ya da amfani, domin wanda ya daɗe bai ji wasu sautuka ba ya fi shan wahalar sabawa da su in sun dawo.

Takardar gwajin ce ke bambanta na'urar gaske da amsa-kuwwar kasuwa. Raunin tsufa da na hayaniya sautuka sirara yake fara ci, irin s da sh da f, shi ya sa “sara” da “shara” da “fara” suke zama abu guda, mutum ya ce yana jin magana amma ba ya ganewa. Na'urar gaske ana saita ta a kwamfuta ta ɗaga waɗannan kaɗai, gwargwadon abin da kowane kunne ya rasa, ta kuma danne ƙarar da ta yi yawa. Ta kasuwa komai take ɗagawa, har da hon ɗin Keke Napep, sai kai ya yi ciwo a jefa ta a durowa.

Wanda aka ce ya sa na'ura, ya tambayi abu uku kafin ya biya: ina za a riƙa sake saita ta, ina ake samun batirinta, kuma wa zai gyara ta. Ta bayan kunne ta fi jure ƙura da gumi, ta fi sauƙin riƙewa ga tsoho. Batiranta da launi ake gane su: lamba 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. In an ɓare takardar bayan batirin a jira kamar minti ɗaya iska ta shige shi kafin a saka. In na'urar tana fito kamar usur, galibi ɓangarenta da ke cikin kunnen ne bai zauna daidai ba, ko datti ya taru. A fara da 'yan awanni a gida, a riƙa ƙarawa har makonni, da dare kuma a buɗe murfin batir a ajiye ta wuri busasshe, nesa da yara, domin haɗiye batirin haɗari ne babba.