Sharhi: Babur Mai Kwandon Gefe a Hanyar Saharar Marzuga Zuwa Zagora

Babur ɗin da na yi wannan hanya da shi Ural Gear Up ne, mai ƙafa uku, wanda kwandonsa, wato mazaunin fasinja da kaya mai tayarsa, ke gefen dama. Asalin gidansu garin Irbit ne a Rasha, inda ake ƙera irinsa tun zamanin yaƙin duniya na biyu, kodayake a 2022 an mayar da aikin haɗa su Kazakistan. Hanyar kuwa ta kudancin Maroko ce, daga Marzuga a bi ta Tawuz da Ramliya a fita Zagora, kimanin kilomita 250 waɗanda yawancinsu ba kwalta. Hukuncina a taƙaice: wannan abin hawa raƙumin kaya ne, yana son tsandauri da tsakuwa, ba a yi shi don hawa tudun rairayi ba. Wanda ya gane haka kafin ya tsara tafiyarsa zai ji daɗinsa ƙwarai.

Injinsa cc 749 ne mai silinda biyu a kwance, ɗaya dama ɗaya hagu, iska ke sanyaya shi, ƙarfinsa doki 41. Giya huɗu da ribas. Ba shi da sarƙa, sandar ƙarfe ke juya tayar baya, kuma wannan babbar riba ce a sahara, domin yashi da man sarƙa in sun haɗu cinye haƙoran ƙarfe suke yi. Ribas ɗin ma kada ka raina shi. Abu mai nauyin kilo 330 ba komai a kansa, in ya sa kai cikin rami, ba mutum ɗaya ne zai ja shi baya da hannu ba.

Abin da ya sa ake zaɓensa shi ne wani hannu da za ka tura, tayar kwando ita ma ta soma ja tare da ta baya. To amma a fahimci yadda yake aiki. Tayoyin biyu a ɗaure suke, gudunsu ɗaya, babu na'urar da ke barin ɗaya ta fi ɗaya juyawa a kwana. Saboda haka da ka sa shi, babur ɗin miƙewa kawai yake so, kana karya kai yana ƙi. A ƙasa mai tauri ko kwalta kuwa ɓarna ce ga haƙoran giya da tayoyi. Tsayawa ake yi kafin bakin yashi a sa shi, a ƙetare a miƙe, a fita a cire. Wanda ya jira sai ya kafe sannan ya tuna da shi, ya makara, don a lokacin tayar baya ta riga ta tona wa kanta rami.

Inda tsarin tafiya yake tashi ko ya faɗi shi ne lissafin nauyi, kuma nan ne na fi so a tsaya a yi shi da biro da takarda. Iyakar abin da aka yarda babur ɗin ya kai da komai da komai kilo 600 ne. Cire nauyinsa, saura kusan 270. Tankinsa lita 19, wato kilo 14. Mutum biyu da tufafinsu da hulunan kwano, a ce 150. Saura ɗari da 'yan kai.

Fetur: a kwalta yana shan kusan lita 7 a kilomita 100, amma da kaya, a giya ta ɗaya da ta biyu cikin yashi, ni lita 10 nake lissafa masa. Kilomita 250 ke nan lita 25, ka ƙara sulusi saboda ɓatan hanya da zagaye, ya kama 33. Tanki da jarkar lita 10 da ke zuwa a jikin kwando ba su isa ba, sai ka ƙara jarka ta biyu. Jarkokin biyu a cike kilo 20 ne. Ruwa: lita 6 ga kowane mutum a yini, lokacin sanyi ke nan. Tafiyar kwana biyu ce, amma na kwana huɗu ake ɗauka, saboda in babur ya tsaya a daji ruwan da ke hannunka shi ne adadin kwanakin da za ka iya jira. Lita 48, kilo 48. Abin da ya rage wa kayan aiki da abinci da tanti da bargo bai kai kilo 40 ba. Kowa ya ga kwandon nan sai ya ɗauka mota ya samu, alhali da an zuba ruwa da mai wuri ya ƙare.

Yadda za a jera kayan ma da muhimmanci. Babur mai kwando ba ya kwanciya a kwana kamar na yau da kullum, tuƙa shi ake yi da ƙarfin kafaɗa. Ka ba shi wuta ya ja ka dama, ka taka birki ya ja ka hagu, in ka karya dama da gudu kwandon ya ɗaga sama. Don haka ruwa, da yake ya fi komai nauyi, ƙasan kwando yake zama kusa da tayarsa, ba a hanci ba, kuma a raba shi jarkoki ƙanana, ko ɗaya ta fashe ba a yi asarar duka ba. Abokin tafiya cikin kwando zai zauna, ba bayan direba ba. Tayar baya ita ce ke ɗauke da wahala, ita ke fara cinyewa, kada a ƙara mata.

Akwai wata matsala da ba a cika faɗa ba. Hanyoyin nan motoci masu ja da taya huɗu ne suka fitar da su, kuma faɗin tsakanin tayoyinsu ya fi naka. In babur yana cikin sawu ɗaya, tayar kwando na kan tudun tsakiya, kana tafe a karkace kana kokawa da kai. Inda fili ya ba da hali, gara ka bar sawun ka bi gefe a kan tsakuwa. A irin wannan filin tsakuwa ne babur ɗin yake nuna amfaninsa: ba faɗuwa, ba sa ƙafa a ƙasa, kana tafiya kilomita 40 ko 50 a sa'a hankalinka kwance.

Wuri mafi wuya shi ne mashigar busasshen kogin Garis kusa da Ramliya, inda ake da wata ƙasa mai laushi kamar garin alkama, wadda mutanen wurin ke kira fesh-fesh. Daga sama kamar tana da ƙarfi, da ka shiga ta buɗe. Da sassafe ake ƙetare ta, ƙasa na da sanyi, injin ma na da sanyi. Ka sauka ka taka da ƙafa tukuna. Ka rage iskar taya, amma da hankali: tayoyin masu tif ne, in iska ta yi ƙasa sosai taya na iya zamewa a kan gargare ta yage bakin tif. Da kaya ba na sauke ta baya ƙasa da 20 a gejin masu faci, kuma da na fita sai in mayar. Fasinja ya sauka ya tura. Giya ɗaya ko biyu, ka saki kuloci gaba ɗaya, ka riƙe wuta daidai. Riƙe rabin kuloci cikin yashi shi ke ƙona shi, kuma injin da iska ke sanyaya shi, in yana kuka ba ya tafiya, zafi yake tarawa. Da ka ji taya na juyawa a wuri ɗaya ka kashe, ka ɗauko shebur. In an yi ruwa a duwatsun Atlas, kogin nan yakan kawo ko da ba a ga ɗigo a wurin ba, don haka a tambaya a Tawuz kafin a shiga.

Kayan da ba na barin gari ba tare da su ba: tif biyu, faci da gam, ƙarfunan cire taya, famfon hannu, jak da katakon ɗora shi a yashi, shebur, igiyar ja, fulogi biyu, wayar kuloci, baƙin mai lita ɗaya, da matatar iska ta canji. Tayar safaya tana kan kwando tun daga kamfani. Kowace yamma a kakkaɓe matatar iska, a ƙwanƙwasa wayoyin taya da sifana a ji wadda ta saki, a bi notocin da suka haɗa kwando da babur, don girgizar hanya kwance su take yi. A kula da batir sosai. Akwai kik, amma na zamani famfon mansu da lantarki yake aiki, batir in ya mutu murus kik ba zai cece ka ba. Man da ake sayarwa a ƙauyuka cikin kwalabe, irin na 'yan bumburutu, a tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki.

Lokacin tafiya daga Nuwamba zuwa Maris ne. Da bazara zafi yana haura digiri 45, a Disamba da Janairu kuwa sanyin dare yakan kusa daskarar da ruwa, sai da bargo mai kauri. Hanyar tana kusa da iyakar Aljeriya, wadda ke rufe tun 1994, akwai sojoji a wasu wurare, a riƙe kofen fasfo kuma kada a karkata kudu. A sauke taswira cikin waya da na'urar GPS tun a gari, saboda sabis ɗaukewa yake yi. Babur biyu ne mafi ƙaranci, ko kuma a yi jinga da jagora mai mota daga Marzuga ya raka ku har ku ƙetare Ramliya, kuma a bar wa wani a masauki ranar da ake sa ran isa Zagora da ranar da zai nemi taimako in bai ji daga gare ku ba.