Kamfanin da ke shirya mana tafiyar dashen ɓargo Indiya, uku cikin biyar na ba su

Jama'a da yawa nan Gusau sun tare ni suna tambaya ya munka ƙare da kamfanin nan na Abuja masu haɗa mutane da asibitocin Indiya, to bari in faɗi sau ɗaya kowa ya ji. Sunansu dai ba zan kama ba don har yanzu fasfo ɗinmu na hannunsu kuma sati mai zuwa za mu tashi in Allah ya yarda.

Yayana ne ba lafiya, sankarar jini, a asibitin koyarwa na Sakkwato anka gano ta, an yi mashi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, cutar ta lafa, likita ya ce yanzu ne lokacin dashe tun ba ta dawo ba. Mun fara tambaya nan gida don mun ji an taɓa yin dashen ɓargo a birnin Benin na jihar Edo tun 2011, amma wancan na mai sikila ne, shi ya sa hankalinmu ya koma waje.

Gaskiya wajen takardu ba su da wasa. Cikin kwanaki sunka samo wasiƙar gayyata daga asibiti, sunka cika fom ɗin biza na Yaya da na masu jinya, kuma yarinyar da ke riƙe da fayil ɗinmu ko ƙarfe sha ɗaya na dare ka tura mata saƙo a WhatsApp za ta amsa. Ita ta tuna mana katin rigakafin shawara, ta ce sai allurar ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, da ba ta faɗa ba wallahi da sai a filin jirgi za mu ji.

Inda sunka ɓata mani rai shi ne gwajin dacewa na wanda zai ba da ɓargon, wanda ake kira HLA. Mutuminsu ya ce a kawo duk 'yan uwa a gwada, mu kuwa mahaifinmu mata uku gare shi, sai Baffa ya tattaro mu tara har da waɗanda ke Kaura Namoda da Talata Mafara, kowane kai da kuɗinshi kuma da dala ake lissafi. Sai da likitan can ya kira mu ta bidiyo sannan munka ji cewa waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da shi su ne ake sa ran cikakkiyar dacewa, su ma kowane damarshi ɗaya cikin huɗu ce, ɗan uba kuwa galibi iyakarshi rabi. Ba wai rabin bai da amfani ba, ana dashe da shi in an rasa, amma ai da mu huɗu 'yan ɗakinsu ya kamata a fara. Kuɗin mutum biyar sun tafi haka nan, da na yi magana wai ai su ba likitoci ba ne. To in ba ku sani ba mi ya hana ku tambaya?

Cikin ikon Allah autarmu ta dace. Mijinta ya so ya tirje don an ce mashi fasa ƙashi ake yi, nan ma likitan ne ya warware, ya ce allura za a yi mata kwana huɗu zuwa biyar ƙwayoyin ɓargon da za a dasa su fito cikin jini, sai a ɗaura mata na'ura ta 'yan awoyi jini ya fita ta hannu ɗaya a tace ya koma ta ɗayan, abin da za ta ji galibi bai wuce ciwon ƙashi da kasala ba. Sai ga shi ya ce Allah ya sa a dace, har ya ba da gudummawa.

Sai maganar kuɗi. Takardar da sunka ba mu da farko kuɗin asibiti ne kawai, mu kuma munka ɗauka shi ke nan har Baffa ya sai da gona a kan wannan lissafi. Ashe bayan sallama sai an zauna kusa da asibiti, likita ya ce mu sa ran wajen kwana 100, saboda sabon ɓargon na iya juyawa ya kama faɗa da jikin, ga garkuwa ba ta tashi ba. Haya da abinci da magani da tafinta duk daban, kuma sai da na matsa sannan sunka rubuto.

Yanzu dai shiri muke, an kai Yaya an cire mashi haƙori guda da ya ruɓe don kar ya zama ƙofar cuta, matarshi na koyon wanke-wanke da dafuwa irin wadda anka ce, ba nonon da ba a tafasa ba, ba tsiren bakin hanya. Abin da ya fi wahala shi ne hana 'yan dubiya, Inna ta ce ita ba za ta iya korar mutane daga ƙofa ba, sai ni na koma zama a zaure da robar takunkumi ina shan harara.

In za ku yi aiki da su ku yi, takardu za su fito. Amma ku nemi magana da likitan kanshi kafin ku biya ko sisi na gwaji, kuma ku ce a rubuta maku kuɗin zaman bayan dashe tun ranar farko.