Maganin levodopa ko pramipexole ga mai ciwon Parkinson (ciwon ƙwaƙwalwa mai sa karkarwa da sandarewar jiki) da ta samu juna biyu?

'Yar'uwa, ki tsaya kan levodopa mai haɗe da carbidopa, irin su Sinemet. Ita likitoci suka fi sani a jikin mai ciki: yawancin matan da aka bi labarin cikinsu ita suke sha, kuma ba a ga ta ƙara nakasa ga jarirai ba. Ita ce kuma ta fi sassauta sandarewar jiki, hannun da ya kasa ɗaura zani ya dawo yana ɗaurawa, ga shi ciki kan tsananta ciwon ga wasu mata har a ƙara musu adadi. Madopar ma levodopa ce, sai dai haɗinta benserazide ne, wanda ya taɓa ƙashin 'ya'yan dabbobi a gwaji, shi ya sa ake fifita mai carbidopa.

Pramipexole kuwa yana aiki, amma bayaninsa kan masu ciki kaɗan ne, ga barci da jiri da kumburin ƙafa, kuma yana hana ruwan nono zuwa.

Inda ake yawan kuskure wajen sha ne. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo tana kama levodopa a hanji, don haka ki raba su da aƙalla awa 2. Nama, wake, kifi da wagashi su ma suna rage shigar levodopa jiki: ki sha ta minti 30 kafin abinci ko awa 1 bayansa. In tashin zuciya ya dame ki, ki haɗa da koko marar madara. Kada ki karɓi metoclopramide ko Stemetil don amai, suna toshe dopamin, sinadarin ƙwaƙwalwa da ke taimaka wa motsin jiki, jiki ya ƙara daskarewa.

In akwai amantadine cikin magungunanki, ki kai wa likitan jijiya a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi cikin makon nan, domin an danganta shi da ciwon zuciyar jariri. Amma don Allah kada ki yanke kowane magani dare ɗaya da kanki, hakan na iya jawo zazzaɓi mai zafi da sandarewa mai haɗari. A hankali likita ke janyewa.

Ki kuma kiyayi masu tallan garin ƙarara a leda wai "na gargajiya ne, ba ya cutar da ciki". Akwai levodopa a cikinsa, amma ba wanda ya auna miki nawa ne a cokali. Haka ƙwayoyin da aka ɓare daga kwalinsu. Ki saya a kantin magani mai lasisi, ki duba ranar lalacewa da lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana.